Iyon da Nake Yi a Busasshiyar Ƙasa

Zuwa ga Surayya, ma'abociyar kwarjini, sanyin idanuna, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira!

Aminci ya tabbata a gare ki. Ni ne Jamaluddeen Sammani, mai digiri a fannin ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda ba a taɓa riga shi tsallake tafkin Wagini ba. Manufar wannan takarda ɗaya ce: in wanke kaina daga zargin da ya iso gidanku a Runka, ya sa kika daina ɗaukar wayata.

Kin san da damina na yi tsalle cikin tafki, kafaɗata ta daki dutse ta goce. Mai ɗori ya mayar da ita, likita ya haramta mini shiga ruwa sai ta warke. Amma ɗaukar sojan ruwa na tafe, kuma da wannan aikin na ƙudurta riƙe ki cikin mutunci. Saboda haka kowace safiya nake kifa cikina a kan benci a gindin dalbejiya, ina harba ƙafafu, ina jan tsohuwar robar tayar babur da na ɗaure a kututture, don kada jijiyoyina su mutu.

A haka Kawunki Badaru ya same ni ranar da aka aiko shi binciken halina. Ya yi sallama ban amsa ba, domin ina riƙe da numfashi. Ya tsaya ya kalli baligi yana iyo a busasshiyar ƙasa, ya hau babur ɗinsa ya koma. Yau daga Runka har Darini cewa ake yi aljanin ruwa ya shige ni! Wayyo Surayya, wannan wace irin ƙaddara ce? Da wace hujja zan rushe abin da dattijo ya gani da idonsa?

Ya furen wake da sanyin safiya, kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a rumfa ɗaya a kasuwar Batsari? Na yi ta zuba miki manyan kalmomi, kika rufe baki da mayafi kina dariya har idanunki suka kawo ruwa. Mahaukaci kika yi wa wannan dariyar?

Ga inda na tsaya, babu mafita. In na bar bencin, kafaɗa ta sandare, aiki ya wuce, ba ni da abin da zan nuna wa Babanki. In na ci gaba, kullum ina ƙara tabbatar musu da maganarsu. Kuma ba zan ɓoye miki ba: har yanzu hannun bai ɗagu ya wuce kunnena ba, tafkin ma yana ta janyewa. Na soma jin cewa na rasa ruwan, na rasa ke.

Ba na neman ki saɓa wa iyayenki. Hukuncinki ke kanki nake nema. Ki rubuta da hannunki, ki ba Gwaggonki Uwani in za ta kawo wake kasuwa, kafin sha biyu ga watan Safar. Ko da “a'a” ce, ki rubuta ta. Kowa ya faɗi abin da ya ɗauke ni, saura ke.

Naki har ranar da za a miƙa ni makwancina,
Jamaluddeen Sammani