Mai Rawayar Hula

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Mu lafiya lau, sai dai jaririyar tana kwalba, ƙirjinta bai yi ƙwari ba.

Babanta yana cikin maginan da ke gyaran asibitin nan, amma an hana shi shigowa da kayan aiki, wai ƙurar tsohon bango za ta kama huhunta. Kafin ya tashi daga aiki an rufe ziyara. A littattafan soyayyar da nake karantawa miji da gudu yake shigowa!

An liƙe tagogi, maginan duk sun rufe fuska. Kullum ina nuna wa mai rawayar hular cikinsu kwalbar ta gilashin taga, a zatona shi ne, har hawaye yake sharewa. Jiya babanta ya kira, wai hularsa fara ce, bai ganta ba tukuna.

To wa nake sa kuka, Yaya?

Ƙanwarki