Kifin Farko a Tankin Abbanku

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Hureira Abdurrahim, matar marigayi Dakta Hambali, nake rubuta wannan da hannuna yau Laraba bayan la'asar, a ɗakina da ke gidanmu na unguwar Kampung Baru a nan ƙasar Malayawa, cikin watan Satumba na 2021. Hankalina ɗaya, ba wanda ya tilasta ni. Zazzaɓi dai yana nan, ɗan abin auna iskar jinin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna casa'in da ɗaya, likita kuma ta ce gobe da safe mota za ta zo ta kai ni asibiti. Amma na san sunana, na san na iyayena, na san ranar yau. Abin da ban sani ba shi ma zan faɗa, don yana da yawa.

Zuwa ga 'ya'yana biyu, Munzali da Raudatu. Kai ɗan fari, shekara ashirin da biyu ban taɓa kama sunanka ba saboda alkunya, sai dai in ce Yaya. Yau na rubuta shi, don takarda irin wannan ba ta san kunya ba.

Na ɗaya. Ku riƙe salla. In Allah ya karɓi raina a nan, a binne ni a nan, kusa da Abbanku in an samu wuri, in ba a samu ba duk ƙasar Allah ce. Kada kowa ya wahalar da kansa da zancen kai gawa Kano. Kada kuma wani ya tsaya binciken ta ina cutar ta shigo mini. Ina cikin takaba, ko bakin lif ban taka ba, ni ma na rasa gane ta inda ta biyo. Na hana a bincika.

Na biyu. Kayan jikina, 'yan kunnena, keken ɗinkina da kayan kicin, ku kira kawunku Haliru a waya ya samo malami a raba yadda Allah ya ce. Littattafan Abbanku na aiki ku ba ɗalibansa. Duk wannan mai sauƙi ne.

Na uku shi ne tankin da ke falo, kuma a nan kaina ya kulle.

Kun san yadda ya shigo. Da aka sake rufe gari, Abbanku ya koma koyarwa ta kwamfuta, zaman gida ya ishe shi, sai ga masu babur suna ta sauke mana kwalaye. Akwatin gilashi, fitila, famfo, buhun gishiri na musamman, da wasu duwatsu masu ƙarni da ya ce wai masu rai ne. Na ce to, ina kifin? Ya ce sai bayan sati shida, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun hayayyafa a jikin duwatsun. Duniya tana gudun ƙwayoyi, mu muna kiwonsu a falo. Ya ce daga baya ma zai saka murjani. Ni murjanin da na sani na wuya ne, wanda aka sa mini a lefe, ashe wai dabba ce, tana ci tana mutuwa. Har yau ban gama yarda ba.

Sati shida yana zama gaban ruwan da babu komai a ciki. Raudatu, ke ce 'yar hannun damansa, kuna ɗiga magani a 'yan kwalabe kuna duba kala, kuna rubutawa a littafinsa mai koren bango. Ranar da kalar ta fito yadda yake so, ranar ya fara tari. Kwana biyar kika yi jinyarsa a gida kafin a samu gado, Munzali yana makaranta dokar kulle ta hana shi tsallakowa. Abbanku bai dawo daga asibitin ba, bai kuma taɓa ganin kifi ko ɗaya a tankin nan ba.

Na yi ta tunanin yadda za a raba shi a gado. Namiji kashi biyu, mace ɗaya, ni da tumunina. To a raba me? Ruwan ko duwatsun? Munzali, na ji kana waya kana neman mai saye, kana kuma cewa da an buɗe hanya za ka koma Kano. Ban sani ba ko ina da ikon hana ka, malamai sun fi ni sani. Roƙo nake yi: kada a sayar, kada a raba, ku bar shi naku ku biyu.

Na huɗu. Wannan ne ya sa na ɗauki biro, sauran duk rakiya suka yi.

Bayan sadakar arba'in, Munzali, ka yi odar kifi daga wani kedai, wato kanti, a unguwar Pudu ba tare da ka shawarci ƙanwarka ba. Shuɗi ne mai wutsiya rawaya, ya kai tafin hannuna, kyakkyawa ba laifi. Na san don ka faranta mana ka yi. Kwana uku ya yi, ya kwanta a gefen dutse ya mutu. Raudatu ta ce ka zaɓo kifin da bai dace ba, kai da ba ka nan lokacin da ake wahalar. Kai kuma ka ce mata ita ce mai kula da ruwan, kuma duk abin da ta yi jinya mutuwa yake. Ina kicin, na ji da kunnena. Tun daga ranar yau sati huɗu ba wanda ya ce wa wani ko sannu. Abincina ma kowa daban yake ajiye mini a bakin ƙofa, har in rasa na wa zan fara ci.

To ku saurara. Ni ce na kashe kifin nan.

Abbanku ya manna wani ɗan tef a jikin gilashin, iyakar inda ruwa zai tsaya. Bayan rasuwarsa Raudatu ta daina kallon wajen, ban ga laifinta ba. Ni kuwa mai takaba ba ni da aikin yi sai kallo. Na ga ruwan yana sauka ƙasa da tef, na ji kamar amanarsa ce take ƙafewa a gabana. Sai na ce ai ruwan gishiri ne, me zai gagara. In tari ruwan famfo a roba, in zuba gishirin girki, in ɗanɗana na tankin da yatsa, in ɗanɗana nawa, in ƙara har su yi daidai a harshena, in juye. Duk bayan kwana biyu ko uku haka nake yi da hantsi, kuna ɗakunanku kuna karatu. Na yi ta yi har arba'in, ina jin daɗi ina cewa ko ba komai na riƙe masa abinsa.

Sati ɗaya da mutuwar kifin na buɗe koren littafin, don kawai in ga rubutun hannunsa. A shafi na uku ya rubuta da manyan baƙaƙe, har ya ja layi biyu, cewa in ruwa ya ragu tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, domin ruwa ne yake tashi, gishirin yana nan. Na zauna a ƙasa. Shekara ashirin da biyar ina girki, na san miya in ta ƙafe gishirinta fitowa yake, ruwa ake tsarga mata. Yadda aka yi wannan bai zo mini a rai ba, wallahi ban sani ba. Bawan Allah an kawo shi daga nesa a leda, aka jefa shi cikin abin da ko daddawa ba za ta zauna ba.

Na so in faɗa a ranar. Kunya ta hana ni, gobe ta zama jibi. Na ga kuna gaba a kan laifina na yi shiru, kuma wannan shirun ya fi gishirin muni. Ina neman gafarar Allah, ina neman taku.

Na biyar. Yadda za ku zaɓi kifin farko, don wancan ban ƙirga shi ba, ba a yi masa adalci ba.

Ku fara zubar da ruwana, Raudatu ta haɗa sabo da gishirin buhu, ta auna da na'ura, ku jira har kala ta fito. In sati shida ne ku jira sati shida. Abin da na tsinta a littafin kuma ga shi, gwargwadon fahimtata. Kifin farko ƙarami ake so, mai juriya, marar faɗa, wanda aka haifa a tanki, ba wanda aka kamo daga teku ba. A tsaya a ga ya ci abinci a kedai kafin a ɗauko. A killace shi a wani ƙaramin tanki na wasu makonni, shi ma kifin bai tsira daga killacewa ba. Ba a juye shi kai tsaye, ana ɗora ledar a kan ruwa, ana ɗiga masa kaɗan-kaɗan har ya saba. Ɗaya ake sakawa a jira, kuma mafaɗaci shi ne na ƙarshen shiga.

Game da shuɗin nan, Abbanku ya rubuta cewa yana son tankin da ya ninka namu. Ke nan Raudatu tana da gaskiya. Ko da ban zuba gishiri ba zai rayu? Ban sani ba. Wataƙila mu biyu muka kashe shi, Yaya, ni da kai, amma ni na fi yawan kaso.

Kifin da Abbanku yake so kuwa, na duba littafin daga bango zuwa bango. Sunaye uku ya rubuta, kowanne da alamar tambaya a gabansa. Ɗaya shi ne ɗan ruwan goron nan mai farar ɗamara uku, wanda Malayawa suke kira ikan badut. A ƙarƙashinsa ya rubuta wai duk maza ake haifarsu, in an haɗa biyu babban ya koma mace. Na karanta sau uku na rufe littafin, wannan ya fi ƙarfin kaina. Akwai wani ƙaramin shuɗi kuma da ya soke, ya ce ba ya mutuwa da wuri amma ba ya barin kowa ya zauna lafiya. Mutumin da ya zaɓi mata cikin wata guda ya kasa zaɓen kifi cikin sati shida. Don haka kada wani a cikinku ya ce ya san abin da Abba yake so. Shi ma bai sani ba, ni kuwa balle.

Umarnina shi ne ku tafi tare, ku hau jirgin LRT ɗaya, ku tsaya gaban gilashi ɗaya. Kada a ɗauko kifi sai kowannenku ya ce boleh, wato na yarda, da bakinsa. In kun kasa daidaitawa ku dawo hannu rabbana, ku yi tapau, wato ku ƙunso abinci, ku ci a faranti ɗaya, wani satin ku koma. Ko sau goma ne.

Na shida. Munzali, ka janye maganar nan. Yarinyar nan tana da shekara goma sha takwas ta riƙe kan mahaifinku yana neman numfashi, ita kaɗai, ni ina ta kiran lambar asibiti. Ba ta kashe kowa ba. Raudatu, ke ma ki janye taki. Yayanki ya kwana uku yana neman takardar izinin 'yan sanda ta tahowa gida bai samu ba, kuma har yau in ya yi sujada ina jin kukansa ta bango. Ki daina amsa masa da Turancin nan mai sanyi kamar ma'aikaciyar banki. In na tafi, a duk ƙasar nan ba ku da wanda ya san muryar Abbanku in yana dariya sai junanku. Kai Yaya, ko za ka koma Kano, ba za ka bar ta a nan ita kaɗai ba sai ta gama jarrabawarta.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya, ya tsare ku daga wannan annoba da wadda ba mu sani ba. Allah ya jiƙan Abbanku, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Ku riƙe zumunci, ku riƙa kiran dangi a gida ko ba dalili. Na yafe muku duniya da lahira.

Takardar nan ba zan ajiye ta ƙarƙashin filo a tsinta bayan raina ba. Yanzu zan ɗauki hotonta in tura muku, ku fito falo ku karanta. Ban sani ba ko zan dawo daga asibitin nan, wasu suna dawowa. Zan jingina da ƙofa in kasa kunne. In kun ga dama ku yi fushi da ni, ku ɗaga murya, ku yi ta musu a kan kifi har magariba. Ni dai in ji muryoyinku biyu a ɗaki ɗaya kafin motar ta zo.

Mahaifiyarku,
Hureira Abdurrahim