Yarinyar da Aka Bari a Bakin Ƙorama

Daga: Saminu Ibrah,
Malamin makarantar firamare,
Unguwar Bayan Kasuwa, Filingue.
Litinin, 16 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Mai girma Alhaji Tahiru Sani,
Shugaban Ƙungiyar Direbobin Haya ta Alheri,
Tashar Mota, Filingue.

Game da: Barin yarinya 'yar shekara shida a daji kan hanyar Damana, da ƙin komawa ɗaukarta da direbanku Sule ya yi.

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa ta ban girma, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin ba yadda zan kawo ƙarar direbanku ba tare da na kwance wa kaina zani a kasuwa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Alhamis, 5 ga Satumba, da ƙarfe tara na safe, na shiga motar Sule tare da mahaifiyata Inna Delu, da maiɗakina Sakina, da 'ya'yanmu uku: babbar mai shekara shida, Kabiru mai huɗu, da Ummul da ke goye. Nufinmu mu sauka a mararrabar Damana, mu kwana uku wurin ƙanwar mahaifiyata a wani ƙauye na Tondikandia. Ni na ƙulla tafiyar. Yaran gari ne, gero a kwano kawai suka san shi. Na yi wata guda ina cika musu baki cewa kafin a koma makaranta za su ga duwatsu, su taka tafki, su ci tumu a bakin gona kamar yadda na ci ina yaro. Babbar har ta tanadi gwangwanin da za ta zuba fara. Ga abin da ya biyo baya:

1. A tasha an ba manya uku kujera. Yara kuwa, bisa al'adar motocinku, aka rarraba su a cinya. Kabiru ya hau cinyar kakarsa, babbar kuma aka miƙa ta can baya ga wata fasinja da ba mu sani ba. Ba wanda ya rubuta yaran, ba wanda ya ƙirga su. Ni aka ba ni gaba kusa da direba saboda ana ce mini mushe, wato malamin makaranta, na kuwa karɓa ina jin daɗi.

2. Wajen sha ɗaya da rabi muka tarar ƙorama ta cinye gefen hanya. Sule ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, mota ta ratsa yashi ba nauyi. Nan yaran suka ga dajin da na yi musu alkawari, suka bazu suna murna. Da hadari ya taso daga gabas, Sule ya dinga danna ham yana faɗa, aka koma mota a gurguje. Matar da ke riƙe da babbar ashe nan ce masaukarta, ta ɗauki ƙunshinta ta nufi ƙauyensu, wani mutum ya shiga gurbinta. Saboda haka ba cinyar da ta ji sauƙi balle mai ita ya yi cigiya. Mota ta tashi, yarinyar tana bayan wata sabara tana bin fara.

3. Wannan sashe ba laifin direbanku ba ne, amma in na tsallake shi na yi ƙarya. Ranka ya daɗe ya san kunyar ɗan fari a wurinmu. Tun da aka haifi yarinyar nan, ni da uwarta ba mu taɓa kiran sunanta ba, ba ma ɗaukarta gaban mutane, ba ma tambayar ko ta ci. Ta Inna ce, haka muke cewa. Mota na tashi Sakina ta waiga ba ta gan ta ba. Surukarta na jikinta, maza cike da mota, bakinta ya yi mata nauyi. Abin da ta iya fitarwa kawai shi ne ba mu cika ba, shi ma a hankali. Sule ya leƙa madubi ya ce kujerunsa duk da mutane. Ta sake faɗa. Na ji ta, ranka ya daɗe, duk sau biyun na ji ta. Na ce a raina wata jaka ce aka manta, kuma ba zan juya ina zance da matata gaban mahaifiyata ba. Ni da nake kiran sunan yara sittin da uku kowace safiya, ba na fara darasi sai na san wanda bai zo ba, na kasa ƙirga uku. Kabiru ne, da bai san kunya ba tukuna, ya ƙwala kiran sunan yayarsa yana kuka. Lokacin mun yi nisan kilomita huɗu ko fiye.

4. Nan ne ƙarata take. Na roƙi Sule ya juya. Mahaifiyata, tsohuwa, ta roƙe shi don Allah don Annabi. Wasu fasinjoji biyu suka sa baki. Ya ce hadari na bisa kansa, in ya koma yashin nan ba zai fita ba, kuma ɗan cinya ba fasinja ba ne, amanar mai cinyar ce. Da Sakina ta kama ƙofa tana neman dira, sai ya tsaya, ya sauke mu duka da kayanmu a gefen hanya, ya ƙara da cewa wanda bai san adadin 'ya'yansa ba kada ya koya masa aiki. Ya ja motarsa. Maganar ta yi mini zafi ne don rabinta gaskiya ce. Amma ranka ya daɗe ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan, ya kuma san abin da ƙorama ke yi in an yi ruwa a sama da ita. Mutum mai 'ya'ya ba ya jin an bar yarinya a irin wurin nan ya tsaya lissafin yashi.

5. Na bar iyalina ƙarƙashin wata aduwa na koma da gudu, ruwa na dukana. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da na isa, ƙorama ta fara kawo ruwa, ba kowa. Na yi ta zagaye ina kiran “ke, ke”, kamar mai neman akuya. Can na hango bukka a tsakiyar gero. Wani dattijo manomi, Malam Abba, shi ya tsince ta tsaye a tsakiyar hanya, rungume da gwangwaninta, tana kallon inda mota ta bi. Ya lulluɓe ta da bargonsa, ya gasa mata tumu. Tumun da na yi mata alkawari, a hannun baƙo ta ci shi.

Na ce ni ne ubanta. Dattijon ya tare ƙofar bukka ya ce bai san ni ba, in tawa ce in faɗi sunanta, domin ita ta riga ta faɗa masa. Ranka ya daɗe, na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Shekara shida harshena bai saba da shi ba. Na ce ita ce babbar, ta Inna. Ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce: “Malam, kunyar da ta bar ɗiya cikin daji, wa ta yi wa ladabi?” Yarinyar tana bayansa tana kallona, ba ta taho ba, tana jira ta ji. Sai na faɗa. Ta yi jim kamar ba ta tabbata da ita nake ba, sannan ta fito.

Malam Abba ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya kai mu wurin iyalina, ya ƙi karɓar ko goro. Mun yi kwana ukun a ƙauye. Kabiru ya shiga tafki, ya hau dutse. Ita kuwa ba ta yarda ta yi taku biyar daga inda nake ba, kuma ko na zaga bayan rumbu sai ta tambayi kakarta ko na tafi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ƙungiyarku abu uku. Na farko, a wajabta wa kamasho ya ƙirga kowane rai da ya shiga mota, na kujera da na cinya da na goye, direba kuma ya sake ƙirgawa duk inda aka sauka aka koma. Na biyu, a kafa doka cewa motar da ta bar yaro a hanya juyawa za ta yi, ko ta tsaya har a zo da shi. Na uku, a kira Sule a ja masa kunne gaban shugabanni. Ba na neman a raba shi da motarsa, na ji yana da yara biyar, kuma laifi tudu ne, ba zan taka nawa in tsaya hangen nasa kaɗai ba.

An gaya mini kuna karanta irin wannan takarda a taronku na ƙarshen wata, kuna sakaya sunan mai ƙara don rufin asiri. Ina roƙon kada a rufa mini. A faɗi sunana da aikina. Kuma in an zo kan yarinyar, kada a ce wata yarinya. Sunanta Najiba, 'yata ce ta fari, a faɗe shi da ƙarfi yadda na can baya zai ji.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da adalci, ya tsare matafiya manya da ƙanana.

Naka cikin girmamawa da sunkuyar da kai,

Saminu Ibrah,
mahaifin Najiba.