Gurbin da Inna Take Bari a Waƙar Ayari

Banikanni, Parakou
4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Khalida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara, da zafin Cotonou. Ni lafiya lau, ɗinki na tafiya. Tunda kin ce saƙon muryata ya fi huɗubar Juma'a tsawo, ga takarda.

Kar ki yi dariya, gita nake koyo. Wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, ɗan Nijar, Muhammad Amin, motarsa ta lalace a garejin da ke kusa da shagona, yana zaman jiran kayan gyara da gitarsa a cinya. Kiɗan da yake yi bulus suke ce masa. Da ya ba ni, sai na dinga gudu a kan tsirkiya ɗaya kamar zem, babur ɗin haya, da birkinsa ya tsinke. Ya ce ba haka ake ba. Yatsu uku za ka kafa su zauna, shi ne akor, sai ka tsinci waƙar a cikin abin da ka riga ka danne. In kana son murya biyu, ka ja tsirkiya biyu tare, ka tsallake ta tsakiya, ka zame da su sama. Wallahi sai ki ji kamar mutum biyu ne ke tafe suna hira.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya ya tura tsirkiya da yatsa har ta yi kuka, sai tsigar jikina ta tashi. Yaya, muryar kakarmu Inna ce! Waƙar nan da take yi in tana tsintar goro tana yayyafa masa ruwa, wadda ta ce ta ayarin kakanninmu ce. Ta yaya waƙar fatake ta shiga cikin gita? Abin ya tsaya mini a rai. Rabinta kawai nake tunawa, kuma kin san Inna ta tsufa, ba wanda ya iya sai ita. Juma'a zan je Djougou in ɗauki waƙar a waya.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Taufiƙ

Banikanni, Parakou
1 ga Maris

Yaya Khalida,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Bachir, haƙoran sun fito? Allah ya sawwaƙe.

Na tafka shirme, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Na ɗauko waƙar, baiti shida ce. Amma bayan kowane baiti Inna sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, sannan ta ci gaba. Na ɗauka numfashi ne ke gaza mata, har tausayi ya kama ni. Da na zo ɗora waƙar a gita, na cire shirun nan duka, na haɗe baitocin kamar yadda nake haɗa yadi. Muhammad Amin ya saurara yana buga ƙafa, ya ce lissafin bai cika ba, akwai abin da na yar. Ni kuwa da kaina ya kumbura, na ce shi me ya sani a waƙar gidanmu.

Ranar Lahadi na koma Djougou na kaɗa mata. Ban kai baiti na uku ba ta ɗaga hannu. Yaya, ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce na bar mutane a daji. Ashe waƙar ta mutum biyu ce. Na gaban ayari su kira, su yi shiru, na baya su amsa, da haka ake sanin ba wanda ya ɓace. Ita ke kira, ƙanwarta Goggo Salamatu ke amsawa, kuma shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Goggo. Duk tsawon nan gurbinta take bari, mu muna wucewa ta tsakar gida ba mu sani ba.

Na roƙe ta ta rera mini amshin, ta ƙi. Ta ce mai kira ba ya amsa wa kansa, don in ya yi, ya yarda ke nan na baya sun halaka. Na yi magiya har na gaji. Kunya ta ishe ni, ga kuma tsoro, domin ƙafafunta sun kumbura, ba ta cin abin kirki.

Ki sa mu a addu'a.
Taufiƙ

Djougou
19 ga Maris

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka, Allah ya sa kuna lafiya. Na rufe shago, kwana tara ke nan ina gida.

Kafin Muhammad Amin ya tafi na ba shi haƙuri. Ya yi dariya, ya ce ai bulus ɗin ma haka yake, murya ta kira, gita ta amsa. Ya bar mini gitar, ya kuma ba ni dabara: tunda Inna ba za ta rera ba, ai ba a hana ta girgiza kai ba.

Haka muke yi kullum da hantsi, kafin ta gaji. Ta kira baiti, ni in kafa yatsuna in lalubi amsa a cikin akor ɗin. Ta girgiza kai, in matsa gaba. Wani lokaci ta ja tsaki, ta ce Salamatu ba ta da wannan rawar kai. Amshin baiti na farko ya ci mana kwana uku. Da tsirkiya ɗaya ba ta taɓa yarda ba, sai da na ja biyu tare, ta ce yauwa, ai na baya ba mutum ɗaya ba ne. Ranar da na dace, kawai ta zarce baiti na biyu da murya mai ƙarfi, hawaye na bin kuncinta. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Biyar mun samu. Na shida kuwa, ba abin da ban gwada ba. Na hau, na sauka, na tura tsirkiya har yatsana ya tsage, tana ta girgiza kai. Yau ta ce in ajiye katakon nan, wannan ba a kaɗa shi. A nan ne na baya ke faɗin sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka iso zango.

Ta kira, na ce Taufiƙ. Baba da ke bakin ƙofa ya faɗi nasa, Umma ma ta faɗa daga madafa. Amma Inna ba ta rufe waƙar ba. Ta juya fuska wajen zaure, ta yi ta jira har na rasa inda zan sa idona.

Yaya, likita ya zo jiya, bai ce mana komai mai daɗi ba. Kar ki aiko da saƙon murya, Inna ta ce ba a amsawa daga nesa. Ki hau mota.

Naki ƙani,
Taufiƙ