Wata Huɗu Da Kwana Goma

Queenstown, New Zealand
28 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da Nafisat da dukan mutanen Roni. Na sauka lafiya shekaranjiya. Da hannu nake rubutawa in turo miki hoton takardar, tunda Inna ta ce maganar waya iska ce ke kwashe ta. Ni ma hakan ya fi mini.

Ban manta abin da ya kawo ni ba. Wata uku da rabi ke nan da 'yan sandan ƙasar nan suka aiko cewa ƙanenmu Zaharadeen ya shiga tafkin garin nan ran 12 ga Afrilu, bai fito ba, ba a kuma ga gawa ba. Inna ta hana a karɓi gaisuwa. Malam Haladu liman ya ce takardar da ta ce "ana zato" ba ta isa ta sa matarsa Nafisat takaba ba, sai namu ya je ya ji daga bakin wanda ya gani, in ba haka ba ta yi jiran matar ɓatacce, shekara huɗu. Duk yana cikin kaina.

Ummi, ku kuna damina, nan kuwa tsakiyar sanyi ake. Duwatsu ne suka kewaye garin, manya ƙwarai, in aka jera su da na Kazaure sai ki ce namu tsibin gyaɗa ne. Kawunansu fari fat da ƙanƙara. Tafkin yana kwance a gindinsu, shuɗi, tsawonsa ya wuce daga Kazaure zuwa Babura. Mutanen da ke zuwa nan ba abin da ya kawo su sai wasa. Da safe za ki gan su da dogayen alluna a kafaɗa, su shiga wasu akwatuna masu tafiya a kan waya har ƙolin dutse, su ɗaura allunan a ƙafa su sulalo ƙasa. Wasu kuma a ɗaure musu ƙafa da igiyar roba su faɗo daga kan gada, kai a ƙasa, suna ihu. Tsofaffi da furfura har da su. Kowa dariya yake yi, ni kaɗai nake yawo da hoton mutum a aljihu.

Na ga rumfar da Zaharadeen yake aiki lokacin hutun jami'a, inda ake ba baƙi hayar ƙananan kwale-kwale. A rufe take saboda sanyi. An ce mini dattijon da suke aiki tare, Hemi, ya tafi wajen 'yarsa, sai ƙarshen mako zai dawo. Zan jira shi.

Ki gaishe da Inna, ki ce ina neman addu'arta.

Yayanki,
Ashiru

Roni
30 ga Yuli

Yaya Ashiru,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ka sauka lafiya. Kowa lafiya, gero ya fara fitar da kai, an yi ruwa mai kyau ran Talata.

Na karanta wa Inna takardarka har sau uku. Da na zo wajen masu faɗowa daga gada ta ce Allah ya shirye su, ashe ƙoshi ma ciwo ne. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin wannan abu, don haka na gode maka. Amma Yaya, malamin dabbobi muka aika, ba mai ba da labarin duwatsu ba. Kai da in aka tambaye ka lafiyar saniya kalma biyu kake yi, yau ka cika shafi da ƙanƙara.

Akwai maganar da ya kamata ka sani. Tun bayan tafiyarka zance ya bazu, daga wajen wani biki a Gwiwa ya taso, wai Zaharadeen ba ruwa ya ci shi ba, Baturiya ya samu ya gudu da ita, aka ƙulla maganar tafki don a rufe. Na zaci Inna za ta yi faɗa. Wallahi rungumar zancen ta yi hannu bibbiyu. Ta ce ai da ma ta faɗa, yaron da ke ratsa dam ɗin Kazaure ya dawo bai huta ba, wane ruwa ne zai ci shi? Ta ce in gaya maka, in ka same shi kada ka yi masa faɗa. Ko Baturiyar ce ya zo da ita, za ta share mata ɗaki, ta yafe masa duniya da lahira.

A gaban Nafisat take faɗin haka, Yaya. Ita kuwa yarinyar nan sai ta tashi ta shiga madafa ta hau wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Ta daina zuwa ko'ina, don duk inda ta shiga sai a bi ta da ido.

Ka sa rigar sanyin da na saya maka a Kano, ka bar taurin kai. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Ummi Kulsum

Queenstown
3 ga Agusta

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Shafi biyu na turo. Na farkon na Inna ne, labarin gari ne da gaisuwa, ki karanta mata. Wannan naki ne ke kaɗai.

Na ga Hemi jiya da hantsi. Dattijo ne ɗan asalin ƙasar, mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana. Da ya gan ni tun ban buɗe baki ba ya cire hularsa, ya ce tafiyarmu ɗaya da Zaharadeen. Ya kai ni har bakin gadar katakon da suke ɗaure kwale-kwale, ya nuna mini kusurwar da Zaharadeen yake shimfiɗa rigarsa ya yi azahar kullum.

Ga abin da ya faɗa mini. Ranar, Zaharadeen ya idar da salla ke nan, yana cikin kayansa na gida, iska ta taso ta kifar da kwale-kwalen wata yarinya 'yar shekara tara. Akwai wata rigar roba mai kauri da ma'aikatan ke sawa kafin su taɓa ruwan, da wata ta sama mai hana nutsewa. Tasa tana rataye, taku goma daga inda yake. Hemi ya daka masa tsawa ya sa ta, amma ya riga ya faɗa. Ya ce da ma kullum Zaharadeen dariya yake yi wa rigar, yana cewa shi a ruwa ya girma.

Ummi, ruwan nan ba irin namu ba ne. Ƙanƙarar duwatsu ce ke narkewa ta gangaro, ko a lokacin zafinsu bai san ɗumi ba. In mutum ya faɗa ba riga, sanyin yakan shaƙe numfashi, kafin minti kaɗan hannuwa su mutu, komai gwanintarsa. Duk da haka ya kai wurinta. Ya ɗora ta a bayan kwale-kwalen, ya riƙe ta har Hemi ya iso da jirgi mai inji. Hemi ya ɗauki yarinyar, ya juyo ya miƙa masa hannu. Hemi ya ce mini: "Ya dube ni, ya so ya ɗaga hannun, hannun ya ƙi. Ruwan garau yake. Ina ganin fuskarsa yana tafiya ƙasa har ta ɓace." Wurin yana da zurfin da masu nutso ba sa kaiwa. Mutum uku da ke kan gadar sun ga abin da ya gani, na kuma yi magana da biyu daga cikinsu.

Da ya tafi na naɗe hannun rigata na tsoma hannu zuwa gwiwa, na ƙirga sittin. Da na fitar na kasa ɓalla maɓallina. Gani ya kori ji.

Ni na koya masa iyo, kin sani. Muna makaranta a Kazaure, ni na riƙa tura shi tsakiyar dam, ni na ce masa wanda ya iya wannan ruwa a watan Agusta babu ruwan da zai ba shi tsoro a duniya. Ya yarda da ni, don bai taɓa jin na yi masa ƙarya ba. Maganar nan ta hana ni cin abinci.

Yanzu ga roƙona. Kin san hawan jinin Inna, kin san abin da likita ya ce bara. Tunda ta sami abin da ta riƙe, mu bar ta da shi. Zan dawo in ce ban sami tabbas ba. In ta ƙara ƙarfi, ko bayan shekara ne, sai mu lallaɓa mu gaya mata. Ba zan iya zama wanda ya koya masa shiga ruwa ba, in kuma zama wanda zai kashe mata shi da bakina.

Ki rufa mini asiri.

Ashiru

Roni
6 ga Agusta

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A bayan ajinmu na karanta shafinka, na yi kukana na wanke fuska, na koma na ƙarasa wa yara darasi. Allah ya jiƙan ɗan'uwana. Kai kaɗai na iya gaya wa wannan kalma, ka ga inda ka ajiye ni.

Na yi abin da ka ce. Na karanta wa Inna shafin farko, ta tambaya ko ka gano gidan Baturiyar, na ce tukuna. Jiya ta aike ni kasuwa in sayo kuka da daddawa a ajiye, wai ya daɗe bai ci tuwon gida ba. Na sayo, Yaya. Na yi wa uwata ƙarya da bakinka, kuma ba zan ƙara ba.

Ka ce kana tausayin Inna. To shi fa? Yaron da ya ba da ransa saboda 'yar mutane, ana yawo da sunansa a gidajen biki a matsayin wanda ya yar da matarsa ya bi Baturiya, ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa, ba a yi masa sadakar ko ƙwayar gero ba. Maganar iyo kuwa ka ajiye ta. Da ba ka koya masa ba, da yarinyar ce a ƙasan ruwan.

Ban nuna wa Nafisat komai ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Yau da safe ta kawo mini wannan takarda ta ce in haɗa da tawa. Ka san tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da kai ba, sai ka auna abin da ya sa ta rubuta.

Ummi Kulsum

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, ina kuma neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka.

Ba tambayarka nake ka faɗa mini abin da ba ka sani ba. Amma in ka sani, ina roƙonka don Allah kada ka ɓoye saboda tausayi. Shekara huɗun ba su ne damuwata ba, ko goma ce zan zauna. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in na ɗaga hannu bayan salla ban san me zan roƙa masa ba, a dawo da shi ko a jiƙansa. Sai in shafa hannun haka nan.

Na je wajen matar Malam Haladu na sa ta tambayar mini. Malam ya ce takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya zo ba, kuma in kwanakin suka wuce sun wuce, ba a rama su. Na ƙirga daga ranar da aka ce ya shiga ruwa. In da gaske ne, kwana goma sha biyu suka rage mini. In ka dawo da shiru, za su ƙare ina sanye da kayan ado kamar matar da mijinta ya tafi kasuwa.

Bai taɓa ɓata mini rai ba, Yaya. Ba ni da abin da zan yi masa sai wannan zaman. Ina so in same shi ko kaɗan ne.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Nafisat

Queenstown
8 ga Agusta

Zuwa ga Malam Haladu, a karanta a gaban Inna da mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa.

Ni Ashiru, ina shaidawa saboda Allah cewa na ji daga bakin mutum uku da suka gani da idonsu, na kuma ga wurin da kaina. Ƙanena Zaharadeen ya rasu ran 12 ga Afrilu bayan azahar, a cikin ruwa, bayan ya ceci ran wata yarinya. Bai gudu ba, bai bi kowa ba. Sallarsa ta ƙarshe ya idar da ita kafin ya shiga. Na san haka tun kwana shida da suka wuce na ɓoye, laifin nawa ne ni kaɗai, ba na Ummi ba.

Inna, ki yi haƙuri. Ki yafe masa kamar yadda kika yi niyya, ni ma ki yafe mini. Ummi ta zauna kusa da ke, a kira mai duba jininki. A buɗe ƙofa a karɓi gaisuwa. Ina tasowa jibi in Allah ya so.

Nafisat, Allah ya jiƙan mijinki, ya ba ki haƙuri. Wata huɗun sun tafi. Kwana goman naki ne, ki fara yau.

Wassalam.
Ashiru