Zuwa ga Mai Girma HASH

Sapporo, watan Janairu

Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya a Ishigaki. Yaya gwiwar Baba? Ni lafiyata ƙalau, in ban da dusar ƙanƙara da ta mayar min da hanci kamar tumatir.

Aiki ma lafiya, kusan. A Perl, yaren kwamfutar da muke aiki da shi, bayanai akwati ne cikin akwati, kowanne sai an sa masa 'yar kibiya yake buɗewa. To, an ba ni buga katunan barka da sabuwar shekara na kwastomominmu. Na buɗe akwatin waje, na manta da na ciki inda sunan yake. Ita kuwa kwamfuta, uwar biyayya, sai ta buga sunan irin akwatin, wato HASH, da lambarsa. Kowane kati ya tafi da "Zuwa ga Mai Girma HASH" da jelar lambobi.

Maigidanmu na wurin aiki, Kuramochi, ya ce, "Chiharu, tun kafin a haife ki nake rusuna wa mutanen nan, yau kin raɗa musu suna ɗaya!" Tun ranar muke bi kamfani-kamfani muna rusunawa muna ba da haƙuri. Bayana ya ƙage, amma ba a kore ni ba tukuna. Don Allah ki aiko min da mazarƙwailar garinmu, ko ta sanyaya masa zuciya.

Sai katin da kika ce kin mayar wa gidan waya, wai babu mai wannan suna a gidanmu. Ni na cusa adireshinki cikin na kwastomomin don in burge ki. Mama, ke ce HASH. Ki je ki karɓo abinki.

'Yarki mai ciwon baya,
Chiharu