Rasuwar Malam Falalu da Injin da Ke Cikin Kwali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Masu Na'urar Daidaita Bugun Zuciya ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Malam Falalu Ya'u Kaura Goje, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, bayan batirin na'urar da ke ƙirjinsa ya ƙare ba tare da kowa ya sani ba.

"Muddin ina numfashi, babu ɗan ƙungiyar nan da batirinsa zai ƙare a cikin duhu." Haka uban ƙungiyarmu, Alhaji Badaruddeen Sagiru, ya faɗa a falonsa na Nassarawa, ranar da wasu likitoci 'yan asalin Kano mazauna ƙetare suka aiko mana, ta hannunsa, da injin da ake ɗorawa a ƙirji ya nuna sauran ƙarfin batir. Malam Falalu ne ya sauke kwalin daga mota. Yau wata goma sha huɗu ke nan ba a ɓare shi ba, domin Alhaji na jiran babban baƙon da zai ƙaddamar da shi a gaban 'yan jarida.

Marigayin ya fara tuƙa Alhaji ne a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ya kuma yi shekara goma da na'ura a jikinsa. Shi ya koya wa yawancinmu ƙirga bugun zuciya a wuyan hannu kowace safiya. Shi ya bi gida gida a Gama da Gawuna, tare da malamai, yana kwantar wa iyalai hankali cewa na'urar magani ce kamar kowane magani, ba jayayya da ƙaddara ba. Lokacin da mijin Malama Larai ya hana a yi mata aikin, Falalu ya buɗe rigarsa a zaure ya nuna masa tabon. Larai tana nan da ranta, har da jikoki.

Muna taya Alhaji murnar dawowa daga ƙasar waje, inda muka ji an sa masa sabuwar na'ura, ƙarama kamar ƙwayar magani, ba waya, ba tabo, likitansa ma yana duba ta daga nesa. Ba za mu yi ƙarya a takardar ta'aziyya ba: muna kishi. Ni da nake rubutun nan na karanta labarin na'urar har sau uku, na shafa kumburin da ke ƙarƙashin kafaɗata, na yi istigfari, kishin bai tafi ba. Ba mu ce a ba mu irin tasa ba. Abin da muke nema a ɗakin ajiya na gidansa yake, kusa da buhunan shinkafa, kuma Falalu ya yi ta wuce shi kullum yana haki, kunya ta hana shi tuna wa maigidansa.

Mun san ajali ba ya jira. Mun kuma san amana abin tambaya ce.

Ga uwargidan marigayin, Malama Tani, da 'ya'yansa Anas da Rahma, muna roƙon Allah Ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, Ya gafarta masa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Akwai mutum goma sha ɗaya a cikinmu da na'urorinsu suka haura shekara tara, har da ni. Muna ba Alhaji zuwa ranar addu'ar bakwai ya miƙa injin ga likitan ƙungiya. Idan rana ta faɗi bai fito ba, washegari zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa tare da sauran goman, mu kira 'yan jaridar da yake jira. Babban baƙo kuwa mun samo: Malama Tani ce za ta ɓare kwalin.

Hajiya Zulaiha Garba Gama
Sakatariyar Yaɗa Labarai